Yaro ya fara rarrafe, banɗakin gidan kuma buhu ne ƙofarsa

Ranar da abin ya faru gida cike yake da mutane, kuma wannan shi ne abinda har yau yake tsaya min a rai. Ni ina bakin murhu ina talge, facalata tana shanya, Inna uwar maigidana tana ƙofar ɗakinta kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, manyan yara sun taso daga makarantar allo sunata guje-guje. In an ƙirga mun kai mu tara a tsakar gida. Autana lokacin watansa goma sha uku, bai fara tafiya ba amma ya iya dafa bango ya miƙe, rarrafe kuwa kamar an sa masa inji. Na ɗago kai ban ganshi ba nace ina yaron nan, kowa ya kalli kowa. Facalata ce ta zagaya bayan ɗaki, sai gashi a banɗaki ya dafa bokitin fentin da na jiƙa nafkin ɗinsa a ciki tun safe, ya yi ɗage, cikinsa na kan bakin bokitin, hannu ɗaya a ciki yana son kamo kumfa. Ta sungumo shi yana ta dariya abinsa. Ba abinda ya same shi Alhamdulillahi, tuwon ranar ne dai ya yi gudaji dan hannuna bai daina rawa ba har la'asar.

Tun daga nan na sa abin a gaba. Na tambayi malamar asibitin da muke zuwa awo da rigakafi, na karanta abinda na samu a waya, sai na ga yawancin shawarwarin da ke yawo na mutanen birni ne ko ma na Turai, masu tayil da bahon wanka da masan zama, wai a sa makulli a murfin masai, a naɗe bakin famfo da roba kada yaro ya buge. To mu nan ƙauyukan wajen Ringim ina muka ga wannan. Banɗakinmu katangar ƙasa ce ko zana ko tsohon kwano, sama a buɗe, masai a gefe ɗaya, wurin wanka a ɗaya gefen da ɗan daɓen siminti ko dutse, rariya ta huda katanga ta fita waje, ƙofa kuma buhun taki ne aka farke aka rataye ko tsohon zani. Buhu yana tsare mutuncin babba, amma wurin mai rarrafe abin wasa ne, iska na kaɗa shi yana ƙara kiransa. Dan haka namu lissafin daban ne, sai mun yi shi da kayan da ke gidajenmu.

Ruwa zan fara da shi dan shi ne ya fi sauri, kuma shi muka fi rainawa. In aka ce yaro ya nutse hankalinmu kogin Haɗeja yake tafiya ko kududdufin bayan gari, ba wanda yake kawo bokiti a ransa. Alhali ruwan da bai fi tsawon ɗan yatsa ba ya isa, in dai zai rufe hanci da baki. Dalilin yana jikin yaron ne. Jariri in an haife shi kansa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, babba kuwa wajen ɗaya cikin takwas, kenan ɗan shekara ɗaya nauyinsa a sama yake, da ya leƙa kai ke rinjayarsa ya tafi, ƙafafu su yi sama. Hannunsa bai yi ƙwarin da zai turo kansa baya ba, wuyansa ma haka. Sannan ki duba bokitin fentin nan mai lita 20 da kowane gida yake da shi, dogo ne, gefensa a miƙe, gindinsa da faɗi. In ruwa ya kai rabinsa nauyin ruwan kilo goma kenan, kusan nauyin yaron gaba ɗaya, dan haka ba zai kife da shi ba balle ruwan ya zube ya tsira. Tsayawa zai yi ƙyam yaron na ciki. A Amurka irin wannan bokitin har hoton yaro yana faɗawa ciki ake bugawa a jikinsa dan gargaɗi, mu kuwa shi ne na wanki, shi ne na jiƙo, shi ne na tarar ruwan indararo.

Abu na biyu da ya fi ɗaga min hankali, babu ƙara. Mun saba in yaro ya faɗi ko ya taɓa wuta ihunsa ne ke kiranmu, kunnenmu a kan kuka yake ko muna barci. Wanda kansa ke cikin ruwa ba ya kuka, ba ya kiran Umma, ɗan motsin ƙafar da zai yi ƙarar daka ko rediyo ta shanye shi. Ƙwaƙwalwa kuma in ta yi minti huɗu zuwa shida babu iska ta fara lalacewa, wanda ma aka ceto bayan nan wani ba ya komawa daidai. Minti biyar fa, tsawon sallamar maƙwabciya a zaure kenan, ina kwana ya yara ya mai jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahoton da ta fitar a 2024 ta ce mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Har rana aka ware, 25 ga Yuli, dan tunatarwa kan wannan. A Bangaladash inda aka daɗe ana bin diddigin matsalar, an gano yawancin ƙananan yaran a kusa da gida suke nutsewa, kuma tsakanin hantsi zuwa azahar, lokacin da uwa ke fama da girki da wanki. Da na ji haka sai na ce to ai mu ne. Daidai lokacin ne maza suna gona ko kasuwa, mata kowacce hannunta a cikin wani abu, yaro kuma an ajiye shi a tabarma an ce wa 'yar shekara shida ke kula da ƙaninki.

Maganar 'yar raino ɗin nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Duk da haka muka taso, ni ma na yi rainon ƙannena ina 'yar mitsitsiya, amma yarinyar da ita kanta in ta ga ana 'yar gala-gala a ƙofar gida za ta manta da takalminta, ba ita za a bar wa ran mutum kusa da ruwa ba. In kuma abu ya faru ita za ta girma da wannan tabon, ana nuna ta. Haka nan yawan jama'a a gidan gandu wani lokacin shi ne matsalar. Macen da take ita kaɗai a gida ta san in ba ita ba babu kowa, idonta ba ya sauka. Mu tara muna tsakar gida kowa ya ɗauka wani na kallo. Yanzu ni da facalata mun yi ƙa'ida, in zan shiga wani aiki sai na kira ta da baki nace Yaya ga shi nan a hannunki, ta amsa, in ba ta amsa ba goya shi nake ko yana tsala ihu. Goyo har yanzu ban ga abinda ya kai shi ba, sai dai yaron da ya ɗanɗana daɗin ƙasa ba ya yarda ya wuni a baya, kuma ke ma bayanki ba ƙarfe ba ne.

Shi ya sa ido kaɗai ba zai yi ba, dole a gyara wurin. Masu ba da shawara su kan ce kawai a zubar da duk ruwan da aka gama da shi. Da sauƙin faɗa. Wanda bai taɓa bin layin tuƙa-tuƙa da rani ba ko ya sayi jarka wurin ɗan ga-ruwa, shi zai ce a zubar. Ruwan ɗauraya ma ajiye shi muke a wanke banɗaki ko a yayyafa a yi shara. To abinda ya yi mana aiki shi ne sauya mazubi. Ruwan ajiya ya koma jarka mai ƙaramin baki, ita ko ta faɗi sai dai a yi asarar ruwa. Bokitin fenti kuma da murfinsa yake zuwa, murfi mai kamawa gam wanda babba ma sai ya sa ƙarfi, mu ne muke cire shi mu mai da shi faifan shanya kuɓewa. Na nemo nawa na mayar. In zan jiƙa kaya sai na danne murfin na ji ya ce ƙas, ko na ɗora bokitin kan katanga. Wanda babu ruwa a ciki a kife shi, baho da daro ma a kife ko a jingine, musamman da damina da ruwan dare ɗaya zai cika miki duk abinda kika bari a buɗe ki tashi da safe ba ki ma san da shi ba. Randa da duro kuwa faifai ba murfi ba ne, ƙuda yake karewa, yaro da yatsa ɗaya zai ture shi. A samu katako ko murfin ƙarfe a ɗora dutse.

Wanka ma haka. In kin zaunar da shi a baho, ko sabulu kika manta ko waya ce ke ƙara ko sallama ake, ki ɗauke shi a jiƙe ki tafi da shi. Zanin da zai jiƙe zai bushe.

Sai masai. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da yin bahaya a fili, duka ƙananan hukumominta 27, kuma gaskiya abin alfahari ne, dan na tuna yadda ake bi gida-gida ana cewa kowa ya haƙa. Sai dai masai iri-iri ne. Akwai mai silab na siminti da rodi, akwai kuma irin namu na da, a haƙa rami a jera itace a kai a shimfiɗa buhu ko kara a bi da ƙasa, a dasa wuyan fasasshen tulu a matsayin baki. Wannan na biyun yana da lokaci. Gara na cin itacen ta ƙasa inda ido ba ya gani, ƙasarmu kuma yashi ce, sunan Jigawa ma ya nuna, in damina ta yi nisa gefen ramin sai ya riƙa zaizayewa ta ciki sama na nan lafiya lau kamar ba komai. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin nan ya san masai nawa ne suka rufta. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne, tsagewa a daɓen, ko ki ji ƙasa na ɗan lotsawa in kin taka, ko bakin ya fara faɗi yana gutsurewa. Da an ga haka a daina shiga, babba ma ba tsira ya yi ba balle yaro.

Bakin masai kada ya kai yadda kan yaro zai shige, in ya ƙwaƙule ya yi faɗi a sa magini ya rage shi da siminti. Murfi kuma ba tsohon faranti ba, wannan da ya ganshi zai ɗaga dan ya ga me ke ƙasa, daga nan ya fara jefa takalmi da cokali yana leƙawa yana jin ƙarar faɗawarsu. Cokulana nawa suka tafi haka. A yi murfin katako mai nauyi da dogon mariƙi, ko na siminti. Akwai kuma wani kwanon masai na roba da ake kira SATO da ake dasawa a kan silab, yana da ɗan marfi ta ƙasa da ke buɗewa in an zuba ruwa kaɗan ya koma ya rufe da kansa, yana rage wari da ƙuda kuma babu rami a buɗe da yaro zai zura ƙafa. Wanda ya samu hali ya sa.

Wanda aka fi mantawa shi ne tsohon masai da ya cika aka bari. Sai a watsa masa ƙasa sama-sama a haƙa sabo a gefe, shekara na zagayowa abin cikin ya sauka ya bar kogo, sama kuma ciyawa ta fito har da kabewa ta yi yaɗo. A cike shi sosai a daddanne, a sake ƙarawa bayan ruwan farko, a kewaye da ƙaya kafin ya zauna. Sabon rami da aka haƙa ana jiran kuɗin siminti, ko sokawe da aka bari a buɗe, shi ma rijiya ce in ruwan sama ya sauka.

Ƙazanta ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya san mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki. Abu ɗaya dai, wannan maganar da ake cewa kashin yaro ba komai ba ne, ba haka ba ne, ƙwayoyin cuta na cikinsa kamar na babba ko fiye. Fo in an gama a juye a masai nan take a wanke, kada a ajiye shi a bakin rariya sai an jima, buta kuma a rataye ta dan bakinta yake fara kaiwa baki. Gudawa, tsutsar ciki, shan inna, duk ta wannan hanyar suke bi, kuma ba mu manta amai da gudawar 2021 ba da Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin inda ta fi yi wa ɓarna.

Ruwan zafi kuwa akwai wani yaro guda da nake so a sa wa ido, wanda aka yi wa ƙani. Ki duba gidan da ake jego. Safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya da ganyen darbejiya, a juye a daro ko bokiti a ratsa tsakar gida da shi yana tururi a kai banɗaki, a ajiye, mai jego ta ce bari na ba jariri nono tukuna ko na ɗauko zani. Kwana arba'in ana haka. Hankalin kowa na kan jariri da 'yan barka, shi kuma wancan ɗan shekara biyun da aka yaye jiya-jiya duk inda uwarsa ta sa ƙafa yana riƙe da zaninta dan kishi da kewa, banɗakin ma binta zai yi. A irin wannan lokacin ne ake samun ƙunar da ke tafiya da fatar ƙirji da ciki. Fatar yaro ta fi ta babba siranta nesa ba kusa ba, ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 cikin daƙiƙu kaɗan yake ƙona ta, wanda ya tafasa kuwa 100 ne. Dan haka kafin a sauke tukunya a san a hannun wa yaron yake, a riƙe shi a ɗaki har ruwan ya shiga a rufe ƙofa. In wankan yara ne da hunturu, na sanyi ake fara zubawa a baho sannan a sirka da na zafi, ba a fara zuba na zafi a tafi ɗebo na sanyi ba, dan a wannan tafiyar ce yake tsoma hannu ko ya zauna a ciki. A gwada da gwiwar hannu, tafin hannunmu da ya saba da murhu ba ya jin zafi. Masu wutar nepa da ke jefa hita a bokiti, wannan haɗari biyu ne a wuri ɗaya, ga ƙuna ga jan wuta, a yi shi a ɗaki a rufe.

In tsautsayi ya faɗa aka ƙone, ruwa mai sanyi za a yi ta kwararawa a wurin har minti ashirin, na randa ya yi, ba ƙanƙara ba, sauran jikin kuma a lulluɓe kada sanyi ya kama shi. A cire riga da abin hannu in ba su manne ba. Ɗanyen ƙwai, man goge baki, gishiri, baƙin mai, duk na ga ana shafawa kuma duk ƙara wa malaman asibiti aiki suke, sai sun kankare kafin su ga ciwon. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi.

Yanzu kayan da muke turawa saman katangar banɗaki ko bayan ƙofa. Omo, Hypo, Izal, Dettol, kananzir ɗin da wasu ke zubawa a masai dan kyankyaso, fiya-fiya, maganin ɓera. Matsalar ba ajiyewar ba ce kawai, mazubin ne. Ɗan tireda zai auna miki a robar lemo ko ta ruwa, yaro kuma abinda ya sani duk abinda ke cikin wannan robar na sha ne, shi aka saba miƙa masa. Tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari irin su Sniper a ƙananan kwalabe a kasuwanni, amma fiya-fiyar da ake haɗawa a ɗura a kwalba ba suna ba komai har gobe tana yawo ranar kasuwa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce sodar sabulu, yanzu da mata da yawa suka koyi haɗa sabulun ruwa da na wanki a gida. Garinta kamar sukari, in an jiƙa ta kuma fes kamar ruwan sha, ga shi ana barinta ta kwana a roba kafin a yi haɗi. Kurɓa ɗaya tana ƙona baki da maƙogwaro, in ya warke sai hanyar abinci ta tsuke yaro ya kasa haɗiye ko kunu, a koma zaryar manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano ana aiki bayan aiki. Mai wannan sana'ar ta yi ta a inda yaro ba ya shiga, ta kulle. Saman katanga ba ajiya ba ce, akuya ko kaza ko iska za ta turo shi ƙasa, ɗan shekara biyu kuma ya iya jan kujera 'yar tsugunno ya taka. Akwatin ƙarfe da kwaɗo, shi ne.

Kuma kar a haɗa Hypo da irin su Harpic wai dan masai ya fi fita, haɗin yana tayar da iska mai guba, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya daidai tsawon mai rarrafe.

In yaro ya sha wani abu, abinda kowa ke fara rarumowa manja ne ko madara a ɗura masa, ko a zura yatsa ya yi amai. Na san da kyakkyawar niyya ake yi amma kuskure ne babba. Kananzir a ciki bai kai haɗarinsa a huhu ba, kuma wurin aman ne yake sarƙewa ya shiga huhun. Soda kuma ta ƙona hanya da ta shiga, in ta dawo ta sake ƙonawa. A goge masa baki a wanke, in fiya-fiya ce ta zube a jiki a tuɓe kayan a wanke fatar da sabulu, a ɗauki robar da ya sha a tafi da ita asibiti dan su san me za su karya. Dalala da gumi da numfashi sama-sama bayan fiya-fiya ba abin jira ba ne, akwai allurar da ke karya ta amma sai an je da wuri. Kar a tsaya neman mota, mai babur ɗin da ya fi kusa shi ne.

Wanda aka ciro daga ruwa kuma, ɗaga shi ta ƙafa ana jijjigawa ko danna masa ciki wai ruwa ya fito ɓata lokaci ne, iska yake buƙata. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa iska sau biyar, jariri a haɗa baki da hanci. Sai a danna tsakiyar ƙirji sau talatin da sauri, jariri da yatsa biyu, wanda ya wuce shekara da hannu ɗaya, a hura sau biyu, a koma dannawa, kada a tsaya har ya motsa ko a isa wurin ma'aikata. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe a cire jiƙaƙƙun kaya a rufe shi. Ko ya farfaɗo ya koma wasa a kai shi a duba, huhun kan iya rikicewa bayan wasu awanni. Wannan karantawa ba ta isa ba, ranar rigakafi ki roƙi malamar asibiti ta nuna miki da hannu, ni da 'yar tsana ta nuna min.

Sauran ƙananan, gansakukar da ke sa daɓe santsi a kankare ta da tsintsiyar kwakwa da toka, rezar da maza ke bari a kan katanga bayan aski a jefa a masai, rariya a sa mata raga dan kunama da maciji ta nan suke shigowa neman sanyi.

Duk wannan dogon bayanin, abu ɗaya ne ya rage min rabinsa, ƙyaure. Kuma nan ne aikin ya bar hannun mata, dan in abu ya faru uwa ake zagi a ce sakaci, amma ba ita ke da kuɗin katako ba, ba ita za ta kira kafinta ba. Daren ranar da autan ya dafa bokitin nan nace wa maigidana Malam banɗakin nan yana son ƙyaure. Ya ce buhun me ya yi. Na ba shi labari, ya yi salati ya ce to bari kaka ta yi. Inna da ta ji ta ce 'yar nan yara goma muka haifa a gidan nan ba ƙyaure, wa ya faɗa, Allah ke tsarewa. Na ce haka ne Inna, na yi shiru, a raina dai ina cewa ai ke ma kullum magariba sai kin toshe akurkin kajinki da dutse. Abin dariya, da bakinta ta dawo ta goyi bayana bayan kwana biyu, amma ta wata hanyar, wai dama bai kamata yaron da bai iya addu'ar shiga banɗaki ba ya riƙa kutsawa wurin da ba a san masu shi ba. Ban yi musu ba. Ranar kasuwa sai ga Malam da kafinta.

Ga abinda muka koya wurin yin sa. Kada a bar rata a ƙasa, ƙyauren farko da aka kafa sai da aka sauke shi dan autan ta ƙarƙashi ya bi kamar ƙadangare. In kwano ne a naɗe bakinsa a jikin katako kar ya yanke. Sakata biyu, ta ciki dan mai shiga, ta waje kuma can sama daidai kafaɗar babba. Wanda ba shi da halin katako ko ƙyauren kara ne a ɗaure shi da kyau a yi masa maɗauki na waya a sama, ya fi buhu sau dubu. Sannan mutane na mantawa, baƙo ba ya rufewa, tsoho da dare ba ya rufewa, yara 'yan makaranta kuwa ba a magana. Sai ƙanin Malam ya yanko robar tayar keke ya ɗaure daga ƙyauren zuwa ginshiƙi, yanzu da an saki yake komawa ya rufe da kansa garam, ko ba a sa sakata ba mai rarrafe ba zai iya jansa ba tunda waje yake buɗewa.

Rijiyar tsakar gida ce har yanzu ba mu gama da ita ba. Bakinta tayar mota ce aka dasa, ko gwiwata bai kai ba, kuma tana taku kaɗan daga banɗakin. Murfin ƙarfe mai kwaɗo ake so, magidanta uku ne a gidan kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara ciro kuɗi. Yanzu dai wani tsohon ƙyauren rumbu muka kwantar a kai muka danne da turmi, duk mai jan ruwa sai ta kira wata su ɗage tare, kullum ana mita. An ce in an sayar da riɗi.